Kafin ka saya wa mai larurar gani waya, tsaya ka ji wannan

Rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda ba su samu damar saurare ba.

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa daga nan garin Ajingi. Ina gaida mutanen Toranke, da Balare, da Kunkurawa, da Gafasa, da Chula, da 'yan uwanmu na Gaya, da duk wanda yake jin mu a nesa. Allah Ya sa kowa ya tashi lafiya.

Yau maganar waya za mu yi, wayar da ta dace da makaho ko wanda ganinsa ya yi rauni. Na san wani zai ce, to ni ina ruwana, idona ƙalau. Ka yi haƙuri ka tsaya. Da wuya a samu gidan da babu tsoho ko tsohuwar da ido ya fara ja baya. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin duk mutum ɗari da suka kai shekara arba'in, kimanin mutum huɗu makafi ne, kuma yanar ido ce ta fi jawo hakan, sai hawan jinin ido. Ka ga ke nan maganar ta shafe mu, ko yau ko gobe.

Kuma zan fara da kuskuren da ni na yi, don kada wani ya maimaita.

Ina da Baffa, ƙanin mahaifina, ɗan kasuwar hatsi ne tun muna yara. Mutumin da idan ya tsoma hannu a buhun wake zai gaya maka ko na bana ne ko na bara. Hawan jinin ido ya kama shi, kuma wannan ciwon ba ya sallama, a hankali yake cin ido daga gefe, kafin mutum ya farga aiki ya yi nisa. Lokacin da muka kai shi asibitin ido a Kano, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi. Baffa bai daina kasuwa ba. Yana da 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai, ya haddace lambobin abokan cinikinsa, yana kira ana kiransa, rayuwa na tafiya.

Sai aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan canjin fasalin naira. Kun tuna yadda aka yi. Kowa ya koma tiransifa. Ranar wata kasuwa wani mutum ya sayi wake buhu biyu a wurin Baffa, ya ce ya tura kuɗi. Waya ta yi ƙara. Baffa ya miƙa wa wani yaro da ke kusa ya ce duba mini. Yaro ya duba ya ce, eh Baba, kuɗi sun shigo. Aka ɗora wake a mota. Sai da daddare da na zo na duba, na ga saƙon daga wata lamba kawai ya fito, ba daga banki ba. Ko sisi bai shiga asusu ba.

Wallahi ba asarar waken ce ta fi damuna ba. Abin da ya faɗa mini ne a daren. Ya ce, "Ɗana, ashe yanzu aljihuna a hannun mutane yake." Mutum mai shekara sittin da ɗoriya, wanda ya aurar da 'ya'ya, sai ya nemi yaron da ke wucewa ya gaya masa nawa gare shi.

Washegari na hau mota, Gaya, Wudil, Kano, na faɗa kasuwar waya ta Farm Centre. Na taɓa jin cewa manyan wayoyi suna magana, iyakar sanina ke nan. Na zaɓi wata mai faffaɗan allo, mai sheƙi, mai araha. Na dawo na kunna masa muryar, na damƙa masa, na ce Baffa an gama. Bayan mako biyu na same ta a ƙarƙashin matashin kai, ya koma wa tsohuwarsa. Ya ce, "Wannan abar taka, in na taɓa ta sai ta yi shiru kamar mai fushi, in na sake taɓawa sai ta kira mini wanda ban nema ba."

Laifin ba na Baffa ba ne, kuma ba na mai shago ba ne. Nawa ne. Na saya da idona, alhali wanda zai yi amfani da ita da kunne da yatsa zai yi.

Wanda ya buɗe mini kai wani matashi ne makaho da ya yi karatu a makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano. Na gan shi yana sarrafa waya da saurin da ni mai ido ba na yi, allon a kashe baƙi ƙirin, muryar tana zuba kamar an sa kaset a guje. Na ba shi labarin Baffa, ya yi dariya ya ce, "Yaya, kun saya masa doki ba ku koya masa hawa ba, kuma dokin ma gurgu ne." Yawancin abin da zan faɗa yau daga bakinsa na fara ji, sauran kuma mun gwada da hannunmu.

To, abu na farko: ka san wa za ka saya wa.

Masu larurar gani ba ɗaya suke ba. Akwai wanda ba ya gani ko kaɗan. Akwai wanda yake ganin haske da inuwa. Akwai mai gani dishi-dishi, in rubutu ya yi girma zai karanta. Akwai mai gani da rana, da magariba ta yi shi ke nan, wato dundumi. Sannan akwai bambanci tsakanin wanda ya yi boko yana jin Turanci, da wanda karatunsa na allo ne, da wanda bai yi ko ɗaya ba. Kowanne da wayarsa. Saboda haka kafin ka taka ƙafa kasuwa, zauna da shi ka tambaye shi: me kake so ka riƙa yi da ita? Kira kawai? Sauraren karatu da rediyo? WhatsApp? Harkar banki? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ban tambayi Baffa komai ba, kun ji inda na fara ɓata.

Na biyu: wayoyin iri uku ne a gabanka.

Akwai ƙaramar waya mai madannai, wadda matasa ke tsokana da rakani-masai. Kada ka raina ta. Ka shafa lamba 5 a jikinta, za ka ji ɗan ƙullutu ko ɗan layi. Da gangan aka sa shi, don yatsa ya gane tsakiya, daga nan ya san inda sauran lambobi suke. Batirinta na kwanaki, in ta faɗi a ɗauka a kaɗe ƙura. Wasu daga cikinsu, musamman na itel, suna da muryar da ke faɗin lambar da ka danna. Kuma ana iya ɗaura mutum a kan lamba guda, a danne 2 ta kira babban ɗa, a danne 3 ta kira 'yar da ke aure a Gaya. Rauninta shi ne ba za ta iya yi maka yawancin abin da ya shafi karanta takarda ko shiga manhajar banki ba.

Akwai wayar Android, irin su Tecno, Infinix, itel, Samsung, Redmi. Waɗannan suna aiki da wata manhaja ta Google mai suna TalkBack, wadda ke karanta duk abin da yatsa ya taɓa a allo. Kyauta ce, ba a sayen ta.

Sai iPhone, mai tata muryar da ake kira VoiceOver, wadda kamfanin Apple ya fara sa wa a wayoyinsa tun 2009. Makafi da yawa a duniya sun fi son ta, don aikinta iri ɗaya ne a kowace iPhone, ba ta cika gardama ba. Sai dai kuɗi. Sabuwa ta fi ƙarfin yawancinmu, ta hannu kuma sai an yi hattara: ka duba lafiyar batir, ka tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa na iCloud, in ba haka ba ka sayi dutse. Ga kuma gyara, in ta lalace a nan sai an kai Kano.

A Turai akwai wayoyin da aka ƙera musamman don makafi, masu madannai kuma masu magana, kamar BlindShell ta ƙasar Cek. Suna da kyau, amma ba kayan kasuwarmu ba ne, in ta samu matsala ba mai kayan gyaranta kusa. Ni dai ba zan ba mutumin Ajingi shawarar ya zuba kuɗinsa a nan ba.

Na uku: in Android ka zaɓa, ga abin da za ka duba.

Fara da ƙarfin ƙwaƙwalwarta, abin da masu waya ke kira ram. Nan ne wayar Baffa ta farko ta gaza. Mai ido in waya ta yi nauyi yana ganin tana juyawa, sai ya jira. Makaho in ya taɓa bai ji komai ba, zai ɗauka bai taɓu ba, sai ya sake taɓawa, a nan ne waya za ta aikata abin da bai sa ta ba. Saboda haka jinkirin daƙiƙa biyu a wurinsa babbar matsala ce. Ka nemi mai ram 4 zuwa sama. Kuma ka lura, a jikin kwali wani lokaci za ka ga an rubuta 2+2 ko 4+4. Lambar farko ita ce ta gaskiya, ta biyun aro ce daga ma'ajiyar waya, ba ta kai ta farko sauri ba. Araha ba ta ado, jama'a.

Sannan ka tabbatar tana da Play Store na Google. Akwai wayoyin da aka yi don kasuwar cikin Sin, da wasu na Huawei da suka fito bayan 2019, waɗanda ba su da shi. Ba tare da shi ba, manhajojin da zan ambata nan gaba za su yi maka wuyar samu.

Ka saurari lasifikarta. Kada ka gwada a cikin shago mai shiru, fito bakin titi inda Adaidaita ke ƙara, ka ji ko maganar tana fita tar-tar. Baffa a tsakiyar kasuwa zai yi amfani da ita, kusa da injin niƙa.

Ka duba ko tana da ramin sa abin saurare na kunne, wato iyafis mai igiya. Wasu sababbin wayoyi sun cire shi. Na bulutut yana da daɗi, amma shi ma sai an yi masa caji, kuma in ɗaya ya faɗi a ƙasa, yaya wanda ba ya gani zai nemo shi? Iyafis ga makaho sutura ce. Shi ne yake hana duk wanda ke zaune a kan benci jin nawa ya rage a asusunka.

Ka shafa gefen wayar. Madannan ƙara murya da na kunnawa su kasance sun fito sosai, yatsa ya bambance su. Wurin sa yatsa na buɗe waya ya kasance a gefe ko a baya, inda ake jin sa. Wanda ke ɓoye a cikin gilashin allo ba ya da alamar da hannu zai lalubo.

Ka duba bakin caja. Irin na yanzu da ake kira Type-C ta kowace fuska ka sa yana shiga. Tsohon irin kuwa fuska ɗaya gare shi, in aka juya aka tura da ƙarfi sai bakin ya lalace. Wannan ƙaramin abu ya kai wayoyin makafi da yawa wurin mai gyara.

Sai batir. Mun san halin wuta a yankinmu, da yawa a shagon caji muke kai waya. Ka nemi mai batir 5000. Wani daɗi kuma, wanda ba ya gani ba ya buƙatar hasken allo, kuma allo ne ya fi komai shan caji. TalkBack tana da wurin ɓoye allo gaba ɗaya, VoiceOver ma haka. Ka rage haske, ka ɓoye allo, caji ya ƙara daɗewa, na kusa da kai kuma ba ya leƙen abin da kake yi.

Na huɗu: gwajin rufe ido.

Wannan shi ne abin da matashin nan ya koya mini, kuma in ba ka riƙe komai a shirin yau ba, riƙe wannan. In zai yiwu, ka tafi kasuwa da mai wayar kansa. In ba zai yiwu ba, kai ka zama shi na minti biyar. Ka ce wa mai shago ya kunna wayar. A yawancin wayoyin Android, in ka danne madannan ƙara murya da rage murya tare na kamar daƙiƙa uku, TalkBack za ta tashi. In ba ta tashi ba, a shiga saitin waya, wurin da aka rubuta Accessibility, tana nan. Daga nan ka rufe idonka da gaske, ban da satar kallo.

Ka sani, da zarar muryar ta tashi, dokar taɓa waya ta canza. Taɓawa ɗaya faɗa maka sunan abu kawai take yi. Sai ka buga sau biyu da sauri sannan ya buɗe. Ka ja yatsa dama, ta tafi abu na gaba, ka ja hagu, ta dawo baya. In kana son gungura shafi sama ko ƙasa, yatsu biyu za ka sa. To da ido a rufe, gwada abu uku: nemo inda ake kira ka danna lambarka, ka sa wani ya kira ka ka ɗauka, sannan ka buɗe saƙo ka ji ta karanta. In ka ji tana jan ƙafa tsakanin taɓawa da magana, ajiye ta, komai kyanta. Mu mun saba cewa gani ya kori ji. A wannan cinikin, ji ne ya kori gani.

Na biyar, kuma nan ne gaskiya mai ɗaci: harshe.

Duk wayoyin da muka gwada, muryar da ke ciki Turanci take yi. In ta zo karanta saƙon Hausa, da lafazin Bature take karantawa, "ina kwana" ta koma wani abu dabam, haruffa masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, sai ta haɗiye su ko ta yi musu wani suna. Masu amfani da ita kullum kunnensu ya saba, suna ganewa. Amma tsoho da bai taɓa zama a aji ba, ranar farko zai ce aljanu ne.

Akwai hanyoyin rage wannan wahalar. Kalmomin da waya ke maimaitawa ba su da yawa, kuma ana haddace su kamar yadda aka haddace sunayen kayan mota. Lambobi kuwa, ɗan kasuwa ya riga ya san su da Turanci. Ana iya rage saurin muryar har ta koma tana magana a natse. Wanda ya yi karatun Larabci mai zurfi, akwai muryar Larabci, ana iya juya wayar gaba ɗaya zuwa can. Sannan ka adana sunayen mutane a taƙaice, yadda muryar za ta iya furtawa a gane. Kuma tun ƙarshen 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da za ka yi magana waya ta rubuta maka, saboda haka aika saƙo ya yi sauƙi fiye da da. Uwa-uba saƙon murya na WhatsApp, wanda ba ruwansa da rubutu.

Duk da haka, ba kowa ne babbar waya ta dace da shi ba. Innarmu, matar Baffa ta fari, ita ma ganinta ya yi rauni. Mun gwada mata, ta ce a raba ta da wannan surutun. Muka saya mata ƙarama mai manyan madannai da rediyon da ba ya buƙatar iyafis, muka sa mata katin memori cike da karatun Alƙur'ani da tafsiri, muka ɗaura mata 'ya'yanta a lambobi. Har yau tana sa mana albarka. Wayar da ta fi ita ce wadda mai ita zai yi amfani da ita, ba wadda za ta kwana ƙarƙashin matashi ba.

Na shida: masu gani dishi-dishi.

Su ba lallai su buƙaci murya ba. A wurin nan dai na Accessibility akwai ƙara girman rubutu, da kaurara shi, da madubin ƙara girma wanda za ka buga allo ya kumbura, da juya launi rubutu ya koma fari a kan baƙi. Ga irin waɗannan, faffaɗan allo mai haske sosai yana da amfani, don a gani ko a rana. Amma ina roƙo, kafin waya, asibiti. In yanar ido ce, aiki ake yi mutum ya dawo yana gani. A Kano akwai asibitin ido na ECWA, akwai na Makkah, akwai sashen ido a asibitin koyarwa na Aminu Kano. Kada a kai tsoho wurin masu kwantar da yana da allura a gida, ido da yawa sun mutu a haka. Kuma in hawan jinin ido ya kama wani a gidanku, ku ma ku je a auna ku, don yana bin jini.

Na bakwai: manhajojin da ke zama ido.

Akwai Lookout ta Google, da Seeing AI ta Microsoft. Ka nuna kyamara ga takarda ko kwalin magani, su karanta maka abin da aka rubuta da Turanci. Saboda su ne ya kamata kyamarar baya ta zama mai kyau daidai gwargwado. Akwai kuma Be My Eyes, wadda wani ɗan ƙasar Denmak mai raunin gani, Hans Jørgen Wiberg, ya ƙirƙiro, ta fara aiki a 2015. Ita haɗa ka take yi da wani ɗan sa-kai mai ido ta kiran bidiyo, ya duba maka abin da ke gabanka. Tana cin data, tana kuma son sabis mai ƙarfi, saboda haka ka san layin da ya fi kamawa a unguwarku kafin ka dogara da ita. Kuma kada ka taɓa nuna katin banki ko lambar sirri a irin wannan kiran.

Maganar kuɗin takarda kuwa, ku lura: naira 100, da 200, da 500, da 1000 duk girmansu ɗaya. Na leda, daga 5 zuwa 50, su ne hannu ke bambancewa da sauran. Shi ya sa Baffa har yanzu yake ninke kowane iri da salonsa, kowanne da aljihunsa. Wannan dabarar ba wayar da ta kore ta.

Na takwas: kuɗi da sirri.

A nan ne muka faro, a nan za mu dawo. Ko waya ta karanta maka saƙo, saƙon ƙarya ma karanta shi za ta yi. Don haka doka ita ce: kada kaya su tashi sai ka shiga asusunka da kanka ka ji abin da ke ciki ya ƙaru, ko ta manhajar banki ko ta lambobin nan da ake dannawa masu fara da tauraro. Sa iyafis kafin ka shigar da lambar sirri. Ka sa buɗewa da yatsa. Layin waya da asusun su kasance da sunan mai su da lambarsa ta NIN, ba da sunan ɗa ko ƙani ba, don ranar da layi ya ɓace shi ne zai je a dawo masa da shi. A wurin mai POS kuma, ka nemi a miƙo maka na'urar ka danna da kanka in mai madannai ce, ita ma lamba 5 ɗinta tana da alama.

Wata matsalar ba daga waya take ba. Wasu manhajojin banki an gina su ba a sa wa madannansu suna ba, sai muryar ta ce maka "madanni" kawai, ba ka san na tura kuɗi ne ko na fita ba. Kafin ka dogara da kowace, gwada ta da murya a kunne. In ba ta yi, ka kai ƙorafi, haƙƙinka ne. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa. Makaho abokin cinikin banki ne kamar kowa.

Na ƙarshe: koyarwa.

Ka ware mako biyu, kullum minti ashirin, bayan la'asar ko bayan isha'i. Rana ta farko ɗaukar kira da kashewa kawai. Akwai saitin da ke sa madannin kunnawa ya katse kira, ka kunna masa shi. Rana ta biyu jin lokaci da yawan caji. A haka a haka. Kada ka karɓe wayar daga hannunsa ka ce kawo in yi maka, ka ɗora hannunka a kan nasa. In da hali ka haɗa shi da makaho ɗan uwansa da ya iya, don ya fi ka sanin inda ake tuntuɓe. A tambayi Sarkin Makafi na yanki ko reshen ƙungiyar makafi ta ƙasa, za su san matasan da suka ƙware. Kuma ku ja kunnen yaran gida: kada a ɗauki wayar Baba a yi wasa, a kashe muryar, a jujjuya masa wuraren da ya haddace. Daidai yake da ka shiga ɗakinsa ka canza wa kowane kaya wuri.

Mu dai mun sayar da waccan ta farko da 'yar asara, muka cika kuɗi muka sayi wata. Ba ta kai ta farkon sheƙi ba, amma tana amsawa nan take. Wannan karon da Baffa muka je, shi ya shafa, shi ya saurara, shi ya ce wannan. Matashin nan ya zo ya kwana biyu a gidanmu yana koya masa. Ba zan ce muku Baffa ya zama gwani ba. Har yanzu ba ya rubuta saƙo, kuma in muryar ta shiga wani lungun da bai sani ba sai ya kira ni. Amma ƙaramar wayarsa tana aljihun dama don kira, babbar tana na hagu don kuɗi.

Kwanakin baya ina zaune a rumfarsa wani ya sayi gero ya ce ya tura. Baffa ya ce to, bismillah, zauna ka sha ruwa. Ya zaro iyafis ya sa a kunne, ya yi 'yan shafe-shafensa, muna jira. Can ya cire ya ce, "Malam, akwai sauran dubu biyu." Mutumin ya duba wayarsa, ya ce wallahi haka ne Alhaji, kuskure na yi, ya cika. Baffa bai ce komai ba, ya naɗe igiyar iyafis ɗinsa a hankali ya mayar aljihu.

Jama'a, a nan za mu dakata. Wanda ya karanta wannan kuma ya san gidan da ake buƙatarsa, ya daure ya je ya karanta musu, ko ya kunna musu muryar shirin. Masu sayar da waya da masu gyara na Ajingi da Gaya, don Allah ku koyi kunna wannan muryar da kashe ta, minti goma ya ishe ku, lada ne kuma ciniki ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mana ganinmu da jinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.